Kazar Ɗorin Sauda

Sauda ta yi shekara da shekaru tana ratsa fadamar Argungu da buhun shinkafa a ka, cikin laka, cikin ruwa, ba ta taɓa ko gurɗewa ba. Sai ga shi akuya ce ta kayar da ita, a tsakar gidanta, rana tsaka. Ta turara shinkafa ta shanya a kan tabarma, akuyar maƙwabta ta zo ta sa baki, Sauda ta ɗauki muciya ta bi ta, ƙafa ta zame a kan ruwan da ita da kanta ta zubar. Akuyar ta ci gaba da cin shinkafa.

Mijinta Dikko yana zaure yana ɗinkin homa. Tsohon masunci ne, ya bar wa 'yan baya ruwa, ya koma gyara musu kayan kamun kifi. Ya ji salati guda ɗaya, sannan shiru. Shirun ne ya tayar da shi, don Sauda ba mace ce mai shiru ba. Ya tarar da ita kwance a gefe ɗaya, ƙafar dama ta karkace waje, ta kuma fi ta hagu gajarta, kamar ba tare aka halicce su ba.

"Sauda! Lahiya?"

"Kore akuyar tukuna," in ji ta.

Ya kore akuyar, ya dawo zai ɗaga ta, ta saki wani ƙara da bai taɓa ji daga bakinta ba, ko a haihuwa. Ya kira ɗansu na fari, Zayyanu, wanda ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi. Sauda ba ta taɓa faɗin sunan Zayyanu ba tun da ta haife shi, saboda kunyar ɗan fari. Ga furfura a gemunsa, ga 'ya'ya har da mai shirin aure, amma a bakinta sunansa "yaron ga". Kafin la'asar yaron ga ya iso da mota, aka kwantar da ita a kujerar baya, aka kama hanyar Birnin Kebbi. Duk ramin da motar ta faɗa sai Sauda ta yi wa wanda ya yi titin addu'ar da ba a so.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata mai suna Khadijatu, ta ɗaga hoton a jikin taga, ta kira Dikko ya matso. Tun yana saurayi yake zaune da matar nan, bai taɓa ganin ƙashinta ba sai ranar. Ya ga fari ne tas, har ya ji wani ɗan alfahari.

"Baba, karaya iri-iri ce," in ji likitar. "Wani ƙashin tsagewa kawai yake yi, bai rabu ba. Wani ya rabe biyu. Wani ya huda fata ya leƙo waje. Yawancinsu in an daidaita su an hana su motsi, jiki ne da kansa ke ɗora su. Jini zai taru a wurin ya daskare, a hankali ya zama kamar guringuntsi, guringuntsin ya yi tauri ya zama ƙashi. Mu namu daidaitawa ne kawai."

"To ku daidaita," in ji Dikko.

"Ta Inna daban ce. Ka ga nan? Wuyan ƙashin cinya ne, dab da inda yake shiga ƙugu. Ya karye, ya kuma goce. Hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta nan suke bi, sun tsinke. Inda jini ba ya zuwa, ɗori ba ya kamawa. Sai an yi aiki, a cire kan da ya mutu a sa na ƙarfe. In an yi, ba da daɗewa ba za mu tsayar da ita."

Sauda na kan gado tana jin komai. Ta ɗago kai.

"Ƙarhe? Ni keke ce?"

"Inna, mutane da yawa suna yawo da shi."

"Su yi ta yawo. Yadda Allah Ya aiko ni, haka za ni koma mai. Ba ni shiga kabari da kayan maƙera."

Zayyanu ya lallashe ta, ya ce ya tambayi malamai, babu laifi. Ta ce ba da malamai za a binne ta ba. Likitar ba ta yi fushi ba, da alama ta saba. Sai dai da za su fita ta ja Dikko gefe ta ce masa, "Baba, ba ƙashin ne ke kashe tsofaffi ba, kwanciyar ce. Baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika, shi ke nan. Duk ranar da ta yarda ku kawo ta, amma kada ku daɗe." Dikko ya ce to. Ya sa maganar a cikinsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

Washegari aka kira Tamba mai ɗori. A Argungu da ƙauyukanta, har Gulma, in ka ga mutum yana tafiya ƙalau bayan mota ta take shi, to ka tambaya, da wuya ba ta hannun Tamba ya bi ba. Gado ya yi, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya zo da kararen dawa da ya fere, da tsumma, da man shanu a ɗan gwangwani. Ya tsuguna ya dafa ƙugun Sauda, ya daɗe yana lalube da yatsa. Dikko ya lura da daɗewar, amma bai tambaya ba, don yana tsoron amsar.

"A kawo kaza," in ji Tamba.

Haka gidansu Tamba ke aiki tun kakanni. In za a ɗora mutum, sai a karya ƙafar kaza daga gidan mai karayar, a ɗora su tare, mai guda, tsumma guda. Kazar ce ma'auni. Ranar da ta sauke ƙafa ta taka, an san ɗori ya kama, mai karaya ma sai ya gwada tasa. Wasu sun ce ciwon ne ake raba wa biyu. Tamba dai bai taɓa cewa haka ba, bai kuma taɓa cewa ba haka ba.

Dikko ya nufi akurki. Akwai tsohuwar baƙar kaza da ta daina ƙwai, wadda ko shaho ya raina. Ya dube ta ya kau da kai. A ce Sauda guda, uwar gidansa, a haɗa ta da wannan ragowar? Mutane su ji su ce me? Ya zaɓi wadda ta fi kowace kyau a gidan, budurwar kaza wake-wake, mai sheƙi, mai ƙiba, wadda ko ƙwan fari ba ta yi ba. Sai da ya yi zufa kafin ya kama ta. Tamba ya karɓi kazar, ya dube ta, ya dubi Sauda, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Ya yi bisimilla, aka ji ƙas. Ya shafa mai, ya jera kara, ya naɗe. Sannan ya juya ga Sauda, ya ja ƙafar a hankali, ya ɗaure ta tun daga ƙugu har gwiwa. Kazar ta fi Sauda ihu.

Da Tamba ya tafi, Sauda ta sa aka kifa kwando a kan kazar a bakin ƙofar ɗaki, inda za ta riƙa ganinta daga kan gado. Ta kira Dikko.

"Malam, ka ji abin da za ni hwaɗi, sau guda za ni hwaɗe shi. Ranar da kazag ga tat taka, za ni tashi. In tat taka ni ban taka ba, to na san amsata. Kada kowa shi sake wahala da ni, kada a dama mani hura, kada a kira kowa. Ku juya ni in kalli bango in jira lokacina."

"Haba, Sauda, wace irin magana ce wagga?"

"Na hwaɗi."

Dikko ya san matarsa. Mace ce da ta taɓa cewa ta bar goro, kuma tun daga ranar ko a biki ba ta sake taɓa shi ba. In ta ce za ta kalli bango, to bango za ta kalla. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a ranar da kwalekwale ya kife da shi a tsakiyar gulbi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Sauda da kazar suka zama 'yan ɗaki ɗaya. Da safe ta gaishe ta, "Ina kwana, 'yar uwa, ƙaƙa ƙahwa?" In an kawo tuwo sai ta gutsura a kai wa kazar, in an kawo kifi a cire mata tsoka. Kazar da ba ta taɓa ganin irin wannan gata ba ta kwanta a ƙarƙashin kwando ta yi ta ci, ƙafa a naɗe. Wuyanta ya cika, gashinta ya ƙara sheƙi. Sauda kuwa tana ta zubewa. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake gangarowa har gwiwar hannu.

Wata bai cika ba, wata safiya Dikko ya dawo daga masallaci ya ɗaga kwando zai zuba tsaba. Ya tarar da kazar tsaye a kan ƙafa biyu, tana tonon ƙasa da ƙafar da aka karya, da ɗaurin da komai. Ya yi sauri ya mayar da kwandon, ya zauna a kai. Ya leƙa ɗaki, Sauda na barci. Ya daɗe zaune a kan kwandon nan yana salati, kazar na tono a ƙarƙashinsa.

Daga ranar Dikko ya shiga wata sana'a da ba a gada ba. Da farko ya naɗe ƙafar kazar ya ɗaure ta a jikin cinyarta da zaren homa, ya yi irin ƙullin da ko giwan ruwa ba ya kwancewa. Kafin azahar kazar ta tsattsage zaren da baki. Ya ƙara karare ya ƙara tsumma har ƙafar ta yi kaurin taɓarya, kazar ta koyi tafiya da ita a haka, har da sauri. Daga ƙarshe ya samo 'yar tsakuwa mai tsini ya cusa cikin ɗaurin, daidai tafin ƙafar. Wannan ta yi aiki. Kazar in ta sauke ƙafa sai ta ɗage, ta tsaya a kan guda tana hararar Dikko. Shi kuwa kunya ta ishe shi. Dattijo mai sahun gaba a masallaci, kullum da sassafe yana tsugune yana sa wa kaza tsakuwa a ƙafa.

"Har yanzu ba ta taka ba?" Sauda kan tambaya.

"Da saura."

"To ni ma da saura," sai ta karɓi furarta ta sha.

Saboda furar nan Dikko yake yin komai. Muddin kazar na ɗingishi, Sauda na ci, tana faɗa, tana tambayar wanda ya bar murfin randa a buɗe. Sai dai maganar likitar ba ta bar shi ba. Matan da ke juya Sauda suna goge mata jiki sun fara yi masa raɗa cewa bayanta ya fara salewa. Ga wani ɗan tari da ya zo, busasshe da farko, daga baya ya fara nauyi. Zayyanu na zuwa duk ƙarshen mako, ya tsuguna a bakin gado ya roƙe ta, ta ce masa ya dubi kaza. Shi kuma ya dubi kazar, ya dubi ubansa, ya koma mota yana share ido. Dikko bai gaya masa zancen tsakuwar ba. Ta ina zai fara?

Ana nan sai ga Alake ta zo dubiya. Bayarabiya ce da ta tsufa a kasuwar Birnin Kebbi, ita ke sarar shinkafar Sauda tun suna da ƙuruciya, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ta zauna a bakin gado ta yi ta faɗa. Ta ɗage zane ta nuna wani dogon tabo a cinyarta, ta ce tun haɗarin hanyar Jega ƙarfe ne a ciki, ta buga ƙafar a ƙasa har ƙura ta tashi.

"Ga ni nan, Sauda. Na yi tsatsa?"

"Ke dai kin ji da naki," in ji Sauda, amma ta daɗe tana kallon tabon.

Da Alake za ta fita ta tsaya a kan kwando, ta leƙa, ta ɗago. Ta jira Dikko ya rako ta zaure.

"Baba, kazar nan lafiyarta ƙalau. Na sayar da kaji kafin in sayar da shinkafa."

"Na sani."

"To?"

Alake ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce Allah Ya kyauta, ta tare ɗan kabu-kabu ta hau.

Tsakuwar ma ba ta daɗe tana aiki ba. Tafin kazar ya yi kanta, ta daina jin tsinin. Wata rana da hantsi Dikko ya ga ta tura kwandon da ƙirji tana tafiya da shi a tsakar gida, kwando na yawo shi kaɗai. Allah Ya taimake shi labule a sake yake. Ya cafke ta ya cusa cikin babbar riga, ya ce wa Sauda zai kai ta Tamba ya duba ɗaurin. Ya fita yana tafe rigarsa na motsi, mutane na gaishe shi yana amsawa da kai.

Gidan Tamba kullum a cike yake. Masu karaya na jere a rumfa a kan tabarmi, kajinsu na tsakar gida suna ɗingishi, kowace da launin tsummanta don kada a rikita. Ga ɗan kabu-kabu da ƙwaurinsa ya farfashe gida uku, ga ɗan kokawa da ƙashin kafaɗa, ga wata da buhun albasa ya faɗo wa a hannu. Kowa idonsa na kan kazarsa, ba mai kallon ta wani. Dikko ya ja Tamba bayan rumbu, ya fito da kazar, ya yi ƙasa da murya.

"So nike ka sake karya ta."

Tamba ya karɓi kazar. Ya warware tsumman, karare suka zube, tsakuwar ta faɗo. Ya dubi tsakuwar, ya dubi Dikko, bai ce komai a kanta ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya kama yatsan Dikko ya ɗora a ƙwaurin kazar.

"Taɓa nan. Ka ji ƙulli? Nan ne anka karya. Ƙashi in ya ɗoru, tuwo shika yi ma kainai a wurin, shi yi kauri. Sannu a hankali jiki shi siɗe shi har shi koma daidai. Wagga ta gama nata tun tuni. Ni sau guda nika karya kaza, don a warke. Ba ni karya ta don a yi ƙarya."

"To ara mani wata mai ɗingishi. Ga wake-wake can."

"Ta ɗan kabu-kabu ce. Ka tahi gida da ƙahwar mutum? Kuma Sauda ba ta san huskar kazarta ba?"

Dikko ya jingina da rumbu. Sai ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun ranar farko.

"Tamba, a ina ka karya kazag ga? A ƙugu, irin na Sauda?"

"A ƙwauri. Duk a ƙwauri nika karya su, nan hannu ka kaiwa." Tamba ya ci gaba. "Karaya ba guda ba ce, Dikko. Ta ƙaramin yaro lanƙwashewa takan yi kamar ɗanyen kara, kwana kaɗan ya tashi da gudu. Ta wancan da ta farfashe, sai ya ga watanni. Kaza dai gwaji ce, in an haɗa ta da daidai ita. Ranar nan na so in yi magana. Tsohuwa za a ɗora, ka kawo mani budurwar kaza wadda jininta ka tahwasa. Ko ba a ɗaure ta ba warkewa za ta yi."

"Mi ya hana ka hwaɗi?"

"Mutum ya kawo abin da yaf fi so a gidanai don matatai, in ce mai shi mayar? A gaban matar?"

"Da na kawo baƙar tsohuwar fa?"

"Da ka sami ƙarin kwanaki. Da ba ka sami ƙahwa ba." Tamba ya miƙa masa kazar. "Na taɓa ƙugun nan rannan da na zo sake ɗauri. Bai kama ba, ba shi kuma kamawa. Irin wagga ko babana addu'a yaka yi mata. Na so in gaya ma, na ga kana murna tana shan hura. Kuma na ji tarinta tun daga zaure. Wanga tari ba na ƙashi ba ne, kada ka bari shi zauna."

Dikko ya fito da kazar a hannu, ba a cikin riga ba. Bai hau kabu-kabu ba, ya taka da ƙafa. A hanya ya yi ta saƙa da warwara. Zai iya cewa kazar ta mutu, amma wannan ya fi muni, Sauda za ta ce an gaya mata nata. Zai iya cewa shaho ya ɗauke. Zai iya karya ƙafar da kansa a bayan wani kango, ba wanda zai gani. Har ya tsaya a bayan kangon, ya kama ƙwaurin da hannu biyu, ya ji ƙullin nan a ƙarƙashin babban yatsansa. Hannun da ya yi shekaru yana karya wuyan kifi ya ƙi. Ba tausayin kazar ne ya hana shi ba. Ya gane ne cewa duk kwanan da ya ƙara wa ɗingishin kazar, daga cikin kwanakin Sauda yake cirowa. Ya ji haushin kansa, ya ji tausayin kansa, ya share fuska da hannun riga ya wuce.

Ya shiga gida rana ta take tsaka. Ya ɗage labulen ɗakin ya rataye shi a ƙusa don haske ya shiga. Sauda na kwance, idonta biyu.

"Mi Tamba yac ce?"

Dikko ya sunkuya ya ajiye kazar a bakin ƙofa, ba ɗauri, ba kwando. Kazar ta girgiza jiki, ta miƙe wuya, ta taka cikin ɗakin da ƙafa biyu, tinƙis-tinƙis, har gaban gado. Ta tsinci ƙwayar shinkafa a ƙasa, ta juya, ta fita da gudu ta bi wata fara.

Dikko ya tsaya yana jiran ta ce a juya ta. Ya riga ya shirya abin da zai ce, da wanda zai ce in wancan bai yi ba, duk suka gudu daga kansa.

"Tun yaushe?" in ji Sauda.

"An kwan biyu."

"Kai kaɗai ka ɓoye mani?"

"Ni kaɗai."

Ta daɗe tana kallonsa. Tari ya taso mata, ta yi har ya lafa.

"Na ce ranar da tat taka za ni tashi. Matso."

"Sauda, ba a..."

"Matso, Malam."

Ya matso. Ta saƙalo hannu biyu a wuyansa, ya zura nasa ta ƙarƙashin hammatarta ya rungume ta. Rabon da su yi haka da rana, ƙofa a buɗe, shi kansa ba zai iya tunawa ba. Ya ɗaga. Ta cije leɓe, wani nishi ya fito ta hanci, zufa ta karyo mata, amma ba ta yi ƙara ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, tana rawa. Ta dama na reto, yatsun na shafar daɓe. Ya ji tana ƙoƙarin sauke nauyi a kanta, ya ji jikinta duka ya ɗauki kyarma, sai ya ƙara matse ta ya ɗauke nauyin gaba ɗaya.

"Na tsaya?" ta tambaya, bakinta a kafaɗarsa.

"Kin tsaya."

"Ƙarya kake. Kai ne tsaye."

Bai musa ba. Hawaye na zuba masa cikin gemu, ba hannun sharewa. Ga bango nan a bayanta, taku ɗaya. Ya ce a ransa in ta ce a juya ta, ba zai ajiye ta ba, sai dai su kwana a haka.

"Wata da watanni ina ba kaza kihi," in ji Sauda, "ashe mijina ka sa mata ɗingishi." Ta yi numfashi. "Tsoho da kai. In na kalli bango, wa za ka yi ma wauta kuma?"

"Babu."

"Na sani." Ta ɗago kai daga kafaɗarsa. "Kira yaron ga shi kawo mota. Su sa ƙarhen. In an tambaye ni a can lahira, in ce kai ne."

"To. Bari in kwantar da ke in ɗauko waya."

"A'a. Wayar ba ta gudu." Ta ƙara riƙe wuyansa. "Bayana ya gaji da katihwa. Riƙe ni tukuna."

Hannuwansa sun fara sanyi, bayansa na ciwo. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafa kamar mai tsayawa cikin ruwa mai ja, ya riƙe ta.